Gambo Biyar a Benci Ɗaya

Litinin ce, a asibitin Gombe.
Benci ya cika, fanka na kuka ba ta ba da iska.
Malamar jinya ta leƙo da kati a hannu,
ta ce, "Gambo!"
Muka miƙe mu biyar.

Har mai tarin nan na lungu sai da ya dara.
Muka tsaya muna kallon juna
kamar awakin da dillali ya haɗa wa igiya a Tike.

Dogon cikinmu, girarsa fara fat,
shekara ashirin da biyu yana dakon siminti a Ashaka.
Ya ce ƙirjinsa ya zama buhu,
kullum ana cikawa, ba mai saukewa.

Ta kusa da shi mace ce,
don sunan namu ba ya tambayar riga ko zane.
Kifi take soyawa a bakin dam ɗin Dadin Kowa,
ƙarni ya kama mayafinta ya ƙi saki.
Da kasko ɗaya ta kai 'ya'ya uku jami'a,
ga tabon mai a hannunta, shi ne shaidarta.

Tsohon Kaltungo kuwa, mai waƙar coci a leɓe,
lissafi ya koyar har alli ya ci yatsunsa,
bin fansho ya ci takalminsa.
Ya ce, "Tagwayen gidanmu sun koma tun ina goye.
Sunan nan kaɗai suka bar mini gado."

Saurayin Jekadafari mai gyaran waya
ya sosa ƙeya:
a gida ne kawai yake Gambo,
a shago Injiniya ake kiransa.

Ni kuma a ƙofar kotu nake zama da biro,
ina rubuta koken mutane,
nawa ban taɓa rubutawa ba.

Hanya biyar, harshe uku, alƙibla biyu,
amma ƙofa ɗaya muka bi muka shigo duniya:
bayan tagwaye.
Mun iso an gama guɗa,
goron suna ya ƙare a kan mutum biyu,
zanen goyo ya koɗe tun kafin ya san bayanmu.
Wai mun fi su hatsabibanci.
Mu dai mun san mun iya jira.

Malamar ta sake duba katin.
"Gambo Manu. Wata goma sha takwas."

Can baya wata Bafillatana ta taso,
yaro na barci a kafaɗarta, zazzaɓi ya busar da bakinsa.
Muka dare mata hanya, mu biyar.
Mai kifi ta gyara masa hula,
tsohon malami ya ce, "Sannu, takwara."

Muka koma benci.
Ban san wa ya fara matsowa ba,
na dai ga gyaɗar Injiniya tana zagayawa
daga tafi zuwa tafi.