Abin da Muka Cire

Babana Emrys yana da wani littafi
mai jan bango, ya sha baƙin mai har ya yi laushi.
Ba ya rubuta abin da ya saya a cikinsa,
sai abin da ya cire.

Kujerar fasinja, kilo sha huɗu.
Kafet, har da gashin karenmu da ya mutu, uku da rabi.
Rediyo, biyu.
"Wa ke sauraren labarai a tsakiyar kwana?"
Safaya, jek, farantin toka,
duk sun hau sikelin banɗakin Mama,
ita kuwa tana buga ƙofar gareji tana cigiyarsa.

Shekarata tara, ni ce mai riƙe tocila.
Hannuna kaɗai ke shiga bayan injin
in noti ya suɓuce.

'Yar mitsitsiyar mota ce, koriya shar,
in ka zauna, tsakaninka da kwalta taƙi guda.
Gwilym maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge:
"Kowa na kashe kuɗi ya ƙara,
kai kana kashewa ka rage?"
Baba ya murje hannu da tsumma ya ce,
"Mai kaya ba ya gudu."

Sau huɗu a shekara, in ruwan sama ya yarda,
mukan ɗaure ta a tirela tun duku-duku,
mu haye gada zuwa tsibirin Môn,
inda filin yake a gaɓar teku
tumaki na tuƙa a bayan waya, ko oho.
Ba tsere ake ba. Babu kofi, babu tafi.
An ma hana duba agogo,
amma kowa na ƙirga nasa a zuci,
shi da kwanar da ta kunyata shi bara.

In ya fito, sai ya dafa taya da tafin hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro,
ya sace mata iska kaɗan, ya koma.
Warin birki, shayi a kofin roba,
iskar teku tana yanka kunne.
Haka na girma.

A kakar da ya cika saba'in da ɗaya
ya zaga sau uku ya shigo.
Ya daɗe bai cire hular kwano ba.
"Na ga allon birki, Nerys.
Idona ya gani. Ƙafata ce ta yi latti."

Da dare ya tuɓe takalmi ya hau sikelin.
Na ga alƙalamin yana rawa:
Emrys, tamanin da biyu.
Ya ce in hau. Sittin da ɗaya.
"Ribar ashirin da ɗaya, ko sisi ban kashe ba,"
ya yi dariya, ya juya baya yana jera sifanu
waɗanda dama a jere suke.

Muka huda sabbin ramuka, kujera ta matso gaba.
Na yi shekara ina tuƙi ni kaɗai.
Motar kamar fara, ka taɓa ta zabura,
shi kuma can bayan katanga, hannu a aljihu,
leɓɓansa na motsi.

Ranar wata Laraba yana asibitin ido
na hau tsani, na sauko da kujerar nan daga rufin gareji.
Ɓera ya ci gefenta.
Noti huɗu. Ɗaya ya ƙi, na bi shi da guduma.
Na buɗe littafin ta ƙarshe, inda ba rubutu:
sha huɗu, da tamanin da biyu.

Ya ce na ɓata aikin shekara ashirin.
Ya faɗa a gareji, ya maimaita a kan gada.
Yana ɗaure bel yana faɗa.

Yanzu daƙiƙa uku muke bari a kowane zagaye,
yaran da na saba wucewa suna ɗaga min hannu.
Ga teku, ga gangara, ga allon yana tahowa,
yana dukan gwiwarsa yana ihu cikin hula:
"Tukuna, tukuna, kar ki taɓa,
tukuna dai,
yanzu!"