Kiwon Ruwa

A ɗakinmu na Asawase, gefen keken ɗinki,
na kafa akwatin gilashi.
Yashi na wanke shi har sau bakwai,
duwatsu uku daga bakin Bosomtwe,
ruwan famfo na ɗiga masa magani
don kulorin ya sake shi.
Matatar ruwa tana ta gunaguninta a kusurwa.
Kifi kuwa, babu.

Najahatu ta manna hanci a gilashi:
"Baba, ina suke?"
Na ce suna hanya.
Ta ce, "A tirotiro?"

Bara na yi gaggawa.
Uku na sayo a leda daga Adum, jajaye kamar manja,
na juye su a sabon ruwa ran Laraba,
ran Lahadi na kwashe su da cokali.
Ruwan garau yake, shi ya ruɗe ni.
Ashe kashinsu ne ya koma musu dafi,
gida sabo, babu mai shara.

Bana Kwabena mai kifi ya hana ni ko ɗaya.
Wani soso ya ciro daga tsohuwar matatarsa,
baƙi ƙirin, yana warin bakin rafi,
ya ce, "Kar ka wanke. Dattin shi ne kayan."
Nan na tuna mai nono
da ke rage tsohon kindirmo a gindin ƙwarya
don madarar gobe ta san inda za ta dosa.

Kullum da safe, bayan na shafa addu'a,
sai in barbaɗa abinci ɗan tsinin yatsa
ga wanda ba ya nan.
Ya nutse, ya ruɓe.
Maman Akosua ta leƙo ta taga da tsintsiya a hannu:
"Wasu na kiwon akuya, Mutawakilu na kiwon ruwa!"

Ina da 'yan kwalabe uku da maganin ɗigawa.
Makon farko ta ɗaya ta yi kore shar:
amoniya ke nan, mai ƙona huhun kifi.
Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa,
hannuna yana ƙaiƙayin zubarwa,
na zauna a kansa.
Mako na uku koren ya dushe,
ta biyu ta rine shunayya:
an cinye dafin farko, an haifi ƙaninsa.
Masu cin wannan kuwa sun fi nawa,
kamar ɗinkin da aka biya kuɗinsa tun kafin a yanka.

Daren sha tara aka ɗauke wuta.
Matata ta yi shiru, gari ya yi zufa.
Na tashi da ludayi da fitilar waya
ina ɗiban ruwa ina tsiyayawa a kan soso
har aka kira assalatu,
don kar numfashi ya yanke
wa halittun da ban taɓa gani ba.

A duhun nan na tuna kakana.
Ya sauka garin nan da fataken goro,
ya tarar an riga an sare daji, an gina rijiya.
Su wa suka yi? Ba wanda ya riƙe sunansu.
Mu dai mun zo mun sha.

Kwana talatin da shida.
Ta ɗaya rawaya, ta biyu shuɗiya kamar sama bayan ruwa,
ta uku ja-ja, launin shayi ba madara.
Na kwashe rubu'in ruwan a bokiti,
na bai wa barkonon da ke cikin gwangwani.

Biyu kawai na sayo.
Ledarsu ta yi iyo rabin awa kafin in kwance bakinta.
Suka fita a hankali, kamar baƙi a tsakar gida.
Najahatu ba su ta fara duba ba.
Ta sunkuya wajen baƙin soson nan,
ta rage murya, ta ce,
"Sannunku da aiki."