Mayar da Tarin

A Potosí, can ƙasar Boliviya,
inda dutse ke haɗiye maza yana tofar da azurfa,
aka ba ni waya ɗaya da makirufo kamar ƙwayar wake,
aka ce, Eulogia, tara mana labarai,
minti uku-uku, kar ya wuce.

Shekara bakwai ina liƙa takardu a bangon asibiti:
huhu ja, huhu baƙi, lissafi a ƙasa,
kashi kaza cikin ɗari.
Mahaƙa su shigo, su jingina da su,
su fita da farar ƙasa a kafaɗa.
Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikin kaso.

Ran Laraba Casimiro Huanca ya zo
da hular ƙarfen da ya ajiye tun bara waccan,
da hotuna huɗu a ledar burodi.
Ya zauna, yana satar kallon wayar
kamar wanda ya yi kiciɓis da surukarsa a lungu.
Na ce, fara daga inda ka ga dama.
Ya ce, ina ɗan sha huɗu na shiga rami,
sai tari.
Na jira.
Ya ce, babana ne ya ɗaura mini fitila,
sai tari,
irin mai tasowa tun daga tafin ƙafa.

Minti arba'in muka ɗauka.
Da dare na shimfiɗa muryarsa a kwamfuta,
ta zama tuddai da kwaruruka masu shuɗi.
Na yi ta tsince tarin
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
na yanke nishi, na yanke shiru,
na ɗinke magana da magana,
har ya koma mutum mai lafiyayyen ƙirji
yana ba da labarin ciwon wani.

Na kai masa gida.
Matarsa Benigna na feraye dankali a bakin ƙofa.
Ya saurara har ƙarshe, ido rufe,
ya ce, wannan wane ne?
Na ce, kai ne mana.
Ya ce, a'a, 'yata.
Rabon da in kai magana ƙarshenta da numfashi ɗaya
tun shekarar da aka haifi jikata.
Mayar da tarin.
Shi ya fi ni sanin labarin.

Na mayar. Ya zama minti shida.
Ofis suka yi ƙorafi, na yi kunnen uwar shegu.

Ran Asabar, a ɗakin taron ƙungiyar mahaƙa,
muka rataya zanen gado, muka kashe wuta.
Samari sun cika benci, ganyen koka a kunci,
suna ta tsokanar juna
har hoton farko ya fito:
yaro da fitila, hula ta fi ƙarfin kansa.
Da tarin ya zo,
wani can baya ya amsa da nasa,
sannan wani.
Ɗakin ya yi tsit,
irin na mutanen da aka kama da asiri ɗaya.

Ba zan ce duniya ta juya ba.
Ran Litinin mutum uku suka zo hoton ƙirji,
ɗaya ya sulale kafin a kira sunansa.
Wani yaro, Wilber, ya tambayi kuɗin takunkumi mai tace iska,
ya ji, ya yi dariya, ya tafi.
Bayan mako biyu ya dawo
da tsabar kuɗi ƙunshe a safa.

Casimiro bai ga saukar damina ba.

Benigna takan zo jefi-jefi,
ta zauna a layin masu jiran likita
ba ta da ciwon komai.
Ta ce in kunna mata wurin nan, minti na huɗu,
wurin da na so yankewa tun farko,
inda tari ya ci ƙarfinsa
ya manta ba a gida yake ba,
ya kira ta, ta kawo ruwa.

Sai in miƙa mata wayar, in juya wajen ma'aunin jini,
in yi kamar ina neman biro.
Ina ji, ƙasa-ƙasa,
tana ce masa,
ina zuwa.