Daga Ɗaya Zuwa Goma

Likita ta ce, daga ɗaya zuwa goma,
nawa za ka ba rayuwarka?
Na ce, wanne daga cikinmu kike tambaya?

Akwai wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba
a shagonsa na Pantami,
zarto na kuka har kiran assalatu.
Gado bakwai, kabad uku,
ba wanda ya ce a yi masa.
Ya ci bashin katako, dubu ɗari shida,
ya raba wa 'yan acaba kuɗin makarantar Zulai,
ya ce gobe zai buɗe reshe a Kaltungo,
jibi Bajoga, gata ƙasar Sin.
Bakinsa tirela ce da birki ya tsinke mata
a gangaren shigowa gari.
Wannan zai ce miki goma sha biyu.

Akwai mai zuwa bayansa
ya tarar da takardun bashin.
Wata biyu yana ƙirga ramukan kwano.
Asuwaki ya fi guduma nauyi.
Ladan ya kira, kunne ya ji, ƙafa ta ƙi.
Tuwo ya huce, a ɗauke,
a kawo wani, shi ma ya huce.
Wannan ba zai amsa miki ba ma.

Bappa ya ce sammu ne, aka yi hayaƙi.
Goggo ta ce lalaci ne, aka yi faɗa.
Abokan majalisa suka matsa kaɗan a benci,
kaɗan dai,
faɗin tafin hannu, amma na auna.
Ni kafinta ne.

Yanzu ƙwaya biyu bayan isha'i.
Hannu na rawa, ƙusa na kaucewa,
ƙishi kamar na mai azumin bazara,
wandon aurena ya daina rufuwa.
Wani dare ina kewar wancan mai walƙiyar,
ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Hajjo na rubuta awannin barcina
a bayan kalandar masu takin zamani.
Katin banki yana gwangwanin madara,
na san wurin, na yi kamar ban sani ba.
In na yi dariya ta ɗan yi tsawo
sai ta ajiye ludayi, ta dube ni.
Ko murna sai an caje ta a ƙofa.

Zulai ta taɓa leƙowa da safe:
Umma, wane Baban ne ya tashi yau?

Na je Dadin Kowa bara,
na ga mai kula da ƙofofin ruwa.
Ba ya hana damina zuwa,
ba ya hana rani.
Yana dai zaune da littafinsa,
ya buɗe kaɗan, ya rufe kaɗan,
don shinkafar mutanen gangare.

Makon jiya na yi kujera ɗaya.
Ɗaya tak.
Ƙafafunta huɗu sun taɓa ƙasa tare.

Rubuta shida, likita.
Da fensir.