Gadi a Gada Biyu

Ran da jiragensu suka keto ta saman Shere
ina Farin Gada, ina auna wa wata mata tumatir.
Ba ta tsaya karɓar canji ba.

Da dare na tone ƙarƙashin murhu,
na ciro adakar da na binne shekara ashirin,
wadda na saya saboda Choji,
Choji mai faci, maƙwabcina,
tun shekarar da unguwa ta dare biyu kamar goro.

A bakin kududdufin kuza na same shi,
shi ma da tasa, naɗe cikin buhun dankali.
Ya ce, "Taka tana tashi kuwa?"
Na ce, "Ban taɓa gwadawa ba."
Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Na gode."

Yau kwana tara.
Sanyi na cin yatsu.
In na ta da sallah, shi ke riƙe bindiga biyu.
Ngo Kaneng kan kawo gwate,
cokali uku, mu bakwai.

Ni ba jarumi ba ne, gwiwata kaɗawa take.
Jiya Ɗantala tela ya je leƙo hanya,
takalminsa ɗaya muka tsinto.

An ce suna da madubi mai gani cikin duhu.
To, su gani.
Mu ko ido rufe mun san duwatsun nan,
a kansu muka fasa gwiwa muna yara.

In gari ya waye babu ni, Choji,
canjin matar nan na aljihun hagu,
naira ɗari biyu.
Tana da tabo a haɓa.