A Tambayi Kwano

Ƙarfe bakwai a Wad Madani,
kafin rana ta fara gasa rufin ɗakin gwaji,
ni ke auna abin da ɓeraye suka rage.
Giram ashirin da biyar na zuba jiya.
Na Bakwai ya bar goma sha tara.
Na Sha Ɗaya bai bar ko ɓurɓushi ba,
har kitsen da aka ajiye a gefe ya suɗe.

Uwa ɗaya ta haife su.
Bututu ɗaya ake cusa su, mai matsi,
rabin awa kullum, ba juyi, ba gudu,
yau kwana goma sha huɗu.
In na ciro su ina jin ƙirjinsu a tafina
kamar ɗan kalangu a hannun mai sauri.

Dakta Mahasin ta zana mini a bayan ambulan:
can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai kwaɗuna,
ƙanana, ido ba ya kai gare su.
Tsoro yakan zo da mabuɗinsa.
Da ya murɗa, saƙo ya gangara cikin jini
har bisa ƙoda, inda wata 'yar tsoka
ke zubo ruwan fargaba.
Da farko yunwa ke tserewa.
In abin ya daɗe sai ta dawo da gayya,
tana neman maiƙo da zaƙi.

Na ce, to me ya raba Na Bakwai da ɗan'uwansa?
Ta ɗaga kafaɗa.
Ta ce, don shi ake biyanmu, Batula,
ran da aka biya.

Laraba muka yi wa Na Bakwai allura,
maganin da ke toshe bakin kwaɗon
kamar yaro ya karya tsinke a ciki.
Mabuɗi ya zo, bai sami wurin shiga ba.
Alhamis ya ci giram goma sha takwas.
Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi,
na daɗe ina kallonsa yana wanke fuska da hannu biyu.

Da yamma na hau motar Mai Wurno.
Kwana arba'in ke nan wayar Abakar a kashe,
tun da ya bi masu haƙar zinariya
can gaba da Abu Hamad.

Inna ta yi kisra da miyar kuɓewa.
Ta gutsura, ta tsoma, ta ajiye a bakin faranti,
ta ce ta ci ɗazu.
Zanenta yanzu yana neman zagaye ta sau biyu.

Ni kuwa tsakar dare ta same ni a tsaye,
ba fitila, ba bismilla,
na gama da agashen da na sayo don kowa,
na bi da dabino,
na bi da sukari, cokali uku, gaya.
Cikina a cike, hannuna bai sani ba.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Fuskokinmu sun gai da baƙi, sun yi dariya a gidan suna.
A tambayi kwano.

Na kwanta ina lissafin nauyin Inna,
nawa za a zuƙa a sirinji.
Sai na ji amsarta tun ban tambaya ba:
ƙofar da nake jiran ɗana ta nan
ita za ki toshe?

Lahadi na dawo, wuta ta ɗauke,
na auna da tsohon sikeli mai duwatsu.
Maganin ya sake shi.
Na Bakwai ya bar goma sha bakwai,
yana kwance a lungu, hancinsa cikin ɗiddigar katako.
Na Sha Ɗaya ya miƙe da ƙafa biyu yana jiran hannuna.
Na ajiye wayata kusa da sikelin, fuskarta sama,
na ɓare dabino ɗaya daga aljihu.
Ba a ci a ɗakin gwaji.
Na ci.