Kafinta a Ɗakin Masu Shiru

Ran Lahadi suka ce in zo in duba rufi.
Na taso daga Aboabo, ma'auni a aljihu,
fensir a bayan kunne.
Kumasi ran Lahadi ai ka santa:
kowace majami'a da lasifikarta,
ganga na amsa ganga daga Asawase har Bantama.
A ƙofar waɗannan na kasa kunne,
na ce ko dai sun tashi?

Suna ciki. Goma sha ɗaya, na ƙirga.
Benci huɗu, fuska na kallon fuska,
ba fasto, ba mumbari, ba mai jan baƙi.
Abokai suke kiran kansu,
'yan Kweka, in ji mai sayar da koko a bakin titi.
Bokiti kaɗai ke da bakin magana,
ɗis, ɗis,
ruwan daren jiya ta kwanon da tsatsa ta cinye.
Awa guda cur.
Ni da bakina ba ya hutawa ko a kan tsani
na zauna dokin ƙofa ina jin numfashina.

Wata tsohuwa ta miƙa wa na kusa da ita hannu.
An sallame ke nan.

Aka zuba shayi, aka ba ni kofin da bai tsage ba.
Maame Oforiwaa ta buɗe littafin taro,
Papa Adubofour ya zazzage gwangwanin madara a tebur:
sidi dubu huɗu da ɗari biyu, da 'yan sulalla.
"Malam Tanimu, nawa aikin?"
Na ce dubu shida,
irin faɗar Kejetia,
da kitse a kai don mai tayi ya sami na yankewa.
Na gyara zama ina jiran ciniki.
Ba wanda ya taya.
Ta dai rubuta shida.

Ashe akwai Konadu, marainiyar ɗan uwansu,
tana koyon jinya, dubu biyu kafin wata ya mutu.
Gwangwani ɗaya, baki biyu.
Na ce yanzu za a ɗaga hannu a ƙirga.
Ina!
Shirun suka sake shimfiɗawa suka hau.

Can wani malamin makaranta, Sarpong, ya miƙe:
damina ba ta jiran kowa, katako na ruɓewa.
Ya zauna. Ɗis. Ɗis.
Tsohuwar nan ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba:
"Bokiti bai ce ya gaji ba.
Yarinya in ta rasa zangon nan, shekara ta tafi."
Aka bar maganar ta huce kamar kunu.
Sarpong ya daɗe yana kallon tabon ruwa a bango.
"Raina bai kwanta ba," ya ce,
"amma ba zan tare hanya ba."

Maame ta rubuta: a biya wa Konadu,
a rufe ɓangaren littattafai da na yara in kuɗi sun kai.
Ta karanta, aka sauya kalma ɗaya,
ta sake karantawa, kawuna suka gyaɗa.

Shidan nan kuwa ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar busasshen goro.
Na yi tari. Na ce, "Maame, goge.
Huɗu da ɗari huɗu ne gaskiyarsa."
Ba ta tambaye ni dalili ba,
ba ta yi mini kallon na-kama-ka ba.
Ta ja layi, ta rubuta.

Azahar ta yi, Papa ya cika mini buta,
ya nuna gindin mangwaro, ya ce nan ne gabas.

Kwana uku na yi a saman ɗakin.
Rabi na ƙyalli yanzu, rabi na nan da tsatsarsa.
Fallen kwano biyu da suka rage mini a wani aiki
na ɗora daidai kan bencin tsohuwar,
ban sa a lissafi ba.
Bokitin sun matsar da shi kusurwa.
Jiya na wuce, ana yayyafi,
na tsaya jikin taga.
Yana nan yana yi musu wa'azi.